Aikin Rukuni a Makarantun Injiniya na Arewacin Kamaru: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ɗaliban injiniya ne da malami ya haɗa su rukuni ya ce su ƙera abu, su gwada shi, su rubuta rahoto, su kuma kare shi gaban alƙalan jarrabawa. Ko a Makarantar Politeknik ta Jami'ar Marwa kuke, ko a makarantun ENSAI da IUT na Jami'ar Ngaundere can Dang, tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne. Kowace makaranta da ƙa'idarta, don haka idan abin da ke nan ya saɓa wa takardar da sashenku ya ba ku, ku bi ta sashenku.

Me ya sa ba a barin kowa ya yi nasa shi kaɗai?

Saboda babu gada, babu masana'anta, babu tashar wuta da injiniya ɗaya ya gina. Madatsar Lagdo da ke kan Binuwai kusa da Garwa aikin masu ƙasa ne da masu kankare da masu injin juyawa da masu lantarki, kuma kowannensu sai ya jira lissafin wani kafin ya kammala nasa. Abin da malami yake so ku koya shi ne wannan jiran da wannan miƙa aikin: yadda za ka ba ɗan'uwanka alƙaluman da zai dogara da su, da yadda za ka gane cewa wanda ya ba ka nasa ya yi kuskure tun kafin a sayi kaya.

Mutum nawa ya kamata, kuma wa za mu ɗauka?

Huɗu ko biyar. Lissafin mai sauƙi ne: tsakanin mutum 4 akwai hanyoyin magana 6, tsakanin 5 akwai 10, tsakanin 8 kuwa sun kai 28. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Rukunin mutum takwas yakan koma mutum uku masu aiki da biyar masu zuwa ranar ɗaukar hoto.

In an bar muku zaɓi, kada ku tara abokan hira zalla. Aboki yana da wuyar yi wa faɗa idan ya makara da aikinsa. Ku nemi mai ƙarfi a lissafi, mai hannu wanda ya taɓa riƙe abin walda ko ya haɗa waya, mai iya rubuta Faransanci mai tsabta, da wanda ba ya jin kunyar ciniki a kasuwa. Idan aikin zai kai ku ƙauye, lallai a samu mai jin Fulatanci sosai a cikinku, ko harshen mutanen wurin. Ku kuma duba inda kowa yake zaune. Mutum biyu a unguwa ɗaya, uku a can ƙarshen gari, kuɗin mashin kaɗai zai rage yawan haɗuwarku.

Me za mu yi a makon farko?

Takardu biyu, kuma kada ku taɓa sayen ko ƙusa kafin su kammala.

Ta farko ita ce takardar sharuɗɗan aiki, wadda a aji ake kira kaye de sharj. A cikinta kowace buƙata sai ta zo da lamba da hanyar auna ta. "Na'urar busar da albasa mai inganci" ba sharaɗi ba ne, domin ba wanda zai iya cewa an cika shi ko ba a cika ba. Sharaɗi shi ne: ta ɗauki kilo 10 na yankakkiyar albasa, zafin cikinta ya tsaya tsakanin digiri 50 da 60, mutum biyu su iya ɗaukarta, kuɗinta kada ya wuce kaza. Ku rubuta kuma abin da aikin ba zai ƙunsa ba. Wannan layin shi ke cetonku a mako na tara, lokacin da wani zai zo da shawarar a ƙara mata manhajar waya. Ku kai wa malamin da ke duba aikinku ya karanta ya sa hannu, ko aƙalla ya amsa a rubuce.

Ta biyu yarjejeniyar rukuni ce, shafi ɗaya: ranar taro da wurinsa, wa ke riƙe kuɗi, awa nawa ake jiran amsa a WhatsApp kafin a ce mutum ya yi shiru, da abin da zai biyo baya idan wani ya rasa taro biyu a jere ba uzuri. Kowa ya sa hannu. Ɗalibai sukan yi wa wannan takarda dariya a makon farko, lokacin da kowa ke son kowa. Amfaninta sai an shiga wata na biyu.

Yaya ake raba aikin ba tare da ya watse ba?

Nan ne yawancin rukunoni ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a kai. Abin da aka saba shi ne a raba babi-babi: kai rubuta gabatarwa, ke bitar littattafai, kai lissafi, kai kammalawa. Wannan rabon rahoto ne kawai, na'urar kuma ba mai ita. Gara a raba na'urar kanta gida-gida, kowane gida da mai shi, sannan a rubuta abin da ke wucewa daga gida zuwa gida.

Ɗauki misalin famfon rijiya mai aiki da hasken rana don lambun albasa. Gidaje huɗu ne: ruwa da rijiya, famfo da bututu, farantin rana da wayoyin lantarki, sai hasumiyar tanki. Mai ruwa ya ce lambun yana buƙatar mita kubik 10 a rana. Mai famfo ya haɗa tsayin da za a ɗaga ruwan, wato HMT: zurfin ruwa lokacin da ake jansa mita 22, tsayin tanki mita 5, asarar cikin bututu kamar mita 3, jimla 30. Ƙarfin da ruwan ke buƙata shi ne 10 sau 30 sau 2.725 (wat-awan da ke ɗaga mita kubik ɗaya na ruwa tsayin mita ɗaya), wato kimanin wat-awa 818 a rana. Idan famfon da injinsa suna mayar da kashi 40 cikin 100 na wutar da suka sha, ana buƙatar wat-awa 2,045. Mai lantarki ya raba wannan da awa 5.5 na rana mai ƙarfi, ya kuma raba da 0.75 saboda zafi da ƙura da waya, ya samu kusan wat 500. Faranti biyu masu wat 300 sun isa.

To, ga inda ɓarakar take. Mai ruwa ya auna rijiyar a watan Nuwamba, bayan damina, ruwa na tsaye ba a ja ba, ya samu mita 12. Bai faɗa wa kowa yaushe ya auna ba. Mai famfo ya ɗauki 12 ya yi lissafi da shi, HMT ya fito 20 maimakon 30, aka sayi ƙaramin famfo. Watan Afrilu ruwa ya sauka, famfo yana kuka tanki ba ya cika. A gefe guda mai hasumiya ya yi zanen ƙafafu don tankin lita 1,000, alhali mai ruwa ya canza zuwa lita 3,000 a taron da shi bai halarta ba: nauyin ruwa ya tashi daga tan ɗaya zuwa tan uku. Kowannensu lissafinsa daidai ne a takardarsa.

Maganin shi ne tebur ɗaya na alƙaluman da ake rabawa, a wuri ɗaya da kowa ke gani. Kowane layi ya ƙunshi sunan abin, adadinsa, ma'auninsa, wanda ya bayar, ranar da ya bayar, da kuma ko aunawa aka yi ko zato. Ba wanda zai canza lamba a teburin sai ya sanar da duk wanda ke amfani da ita. Ma'auni kuwa a rubuta shi kullum. Lita a minti da mita kubik a awa sun sha haɗa mutane faɗa.

Kowane gida kuma ya samu mai duba na biyu, wanda zai sake lissafin daga farko ba tare da ya kalli na mai gidan ba. In sun yi daidai, madalla. In sun saɓa, kun kama kuskure da arha.

Yaya za mu tsara lokaci?

Ku fara daga ranar kare aiki ku dawo baya. A zangon karatu mai mako 14, ana miƙa rahoto kamar a mako na 13, gwaji yana cin mako na 10 zuwa 12, haɗin farko na dukkan sassa ya kamata ya faru a mako na 7 ko 8, odar kaya kuwa ta fita kafin ƙarshen mako na 3. Jadawalin Gantt a Excel ko GanttProject ya wadatar. Ku sa masa makonnin jarrabawar tsakiyar zango, da azumi da salla ko Kirsimeti idan sun faɗo ciki, domin a waɗannan ranakun aiki ba ya tafiya komai alkawarin da aka yi.

Abin da ya fi muhimmanci a jadawalin shi ne ku ware abubuwan da hanzari ba ya musu komai. Kankare na gaba a cikinsu. Ƙarfinsa na ƙa'ida a kwana 28 ake auna shi, ko da kun kwana a ɗakin gwaji. Idan kuna kwatanta haɗi uku, kuna gwadawa a kwana 7 da kwana 28, silindar kankare ta gwaji uku kowane karo, silinda 18 ke nan. Kowace silinda mai santimita 16 da 32 tana cin kusan lita 6.4, jimla lita 116, wanda a haɗin kilo 350 na siminti a mita kubik bai kai buhu ɗaya mai kilo 50 ba. Simintin ba shi da yawa, lokacin ne tsada. Ku zuba a mako na 6 ko 7, da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku cire daga mazubi bayan awa 24, ku nutsar a ruwa. Sakamakon kwana 7 yakan kai kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, shi zai gaya muku da wuri ko haɗin ya lalace. Yashin da aka ɗebo daga mayo, wato rafi, kuma a gwada shi a kwalba da ruwa: a girgiza, a bar shi ya kwanta, a ga kaurin laka a sama. Yashi mai laka yana shan ruwa ya rage ƙarfi.

Na'urar busarwa ma tana da lokacinta. Gwajin da aka yi cikin hunturu, iska busasshiya, ba zai faɗi abin da za ta yi a watan Agusta ba. Ku rubuta ranar gwaji da damshin iska a rahoto.

Kuɗi fa? Wa zai biya, wa zai riƙe?

Ku tambayi sashenku tun farko abin da ɗakin gwaji zai ba ku aro da abin da za ku saya. Ragowar a raba daidai, a tara rabi a mako na 2, rabi a mako na 6. Ku ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kiyasinku, domin abu zai ƙone, kuma mai walda zai ce ƙarfen bai isa ba. Kada ku manta da abubuwan da ba sa cikin zane: kuɗin mashin, kuɗin intanet, buga rahoto da ɗaure shi kwafi uku ko huɗu, aikawa da kaya a mota.

Ma'aji ya zama dabam da shugaban rukuni. Kuɗin ya shiga ta Orange Money ko MoMo don a samu shaida, duk abin da aka saya a ɗauki hoton rasiɗi a tura rukunin WhatsApp a ranar. Inda ba a ba da rasiɗi, kamar wajen 'yan gwangwan, mutum biyu su je tare. Idan akwai wanda ba shi da halin biyan kasonsa, a yi maganar a asirce tun makon farko, a rage masa, ya ɗauki ƙarin zirga-zirga. Barin maganar har ranar biya shi ke sa mutum ya daina ɗaukar waya saboda kunya, a ɗauka lalaci ne.

Ina ake samun kaya, kuma yaya ake gane na jabu?

Ƙarfe, bututu, siminti, waya da faranti ana samunsu a Marwa da Garwa da Ngaundere. Ƙananan kayan lantarki, irin su Arduino, ESP32 da na'urorin auna zafi ko damshi, sau da yawa sai an aiko daga Duwala ko Yawunde, ko an yi oda daga Sin. Wanda zai yi odar waje ya lissafa mako huɗu zuwa shida, ya kuma sayi biyu na duk ƙaramin abin da zai iya ƙonewa. Doka mai amfani: kada ku zana da abin da ba ku tabbatar akwai shi ba. Ku zaga kasuwa da farko, ku rubuta girman ƙarfe da bututun da ake sayarwa, sannan ku zana.

Ku je shago da miltimita, wato na'urar auna wuta. Farantin rana a fitar da shi rana tsaka a auna boltinsa a buɗe da amfiyarsa, a kwatanta da abin da ke rubuce a bayansa. Batir a ɗaga shi: na dalma da aka rubuta masa amfiya-awa 100 amma yaro na iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, rubutun ƙarya ne. Waya a fere bakinta a kankare: in ciki fari ne, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba zai ɗauki wutar da kuka lissafa ba.

Wajen mai walda kuwa, kada ku miƙa masa fayil ɗin AutoCAD ku tafi. Ku buga zanen a takarda babba, awo duka a milimita ko duka a santimita, ku tsaya a wurin lokacin yankan farko. Ku saurare shi idan ya ce wannan kusurwar ba za ta waldu ba. Sau da yawa gaskiyarsa ce.

Ya yi aiki a kwamfuta, amma a fili ya ƙi. Me ke jawo haka?

Abubuwa kaɗan ne ke maimaituwa.

Zafi. Ƙarfin da aka rubuta wa faranti a digiri 25 aka auna shi. A Marwa cikin Maris da Afrilu iska kanta tana wuce digiri 40, farantin kuma yana iya kai 65. Yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, wato kusan kashi 16 sun tafi. A bar masa sarari a ƙasa iska ta ratsa, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 yana fuskantar kudu, a goge ƙurar hunturu a kai a kai. Akwatin lantarki kuma kada a rufe shi ruf a ajiye a rana.

Siririyar waya. A bolt 12, amfiya 10, nisan mita 5 (zuwa da dawowa mita 10), waya mai milimita murabba'i 1.5 tana cinye kusan bolt 1.2, kashi goma ke nan na wutarku. Mai 6 tana cin ƙasa da bolt 0.3. Manhajar kwaikwayo tana ɗaukar waya kamar ba ta da tirjiya sai kun gaya mata.

Allon lantarki, irin Arduino ko ESP32, mai sake kunna kansa. Ƙafar Arduino amfiya 0.02 take so, injin famfo ko fanka ba a ɗora mata kai tsaye. A sa tiranzista ko rile, a sa diyod irin 1N4007 a juye a kan naɗin rilen, a ba injin nasa tushen wuta, a haɗa wayoyin ƙasa (GND) duka wuri ɗaya. ESP32 da bolt 3.3 yake aiki, wanda ya tura masa 5 a ƙafa yana iya kashe shi. Wayoyin allon gwaji kuma ba sa jure tafiya a kan mashin. Abin da za a ɗauka zuwa wani wuri a yi masa dalma.

Ƙasa. Baƙar laka ta karal, inda ake shuka dawar muskuwari, tana kumbura da damina ta tsage da rani. Hasumiyar da aka dasa mata harsashi marar zurfi a irin wannan ƙasa za ta karkace.

Duk waɗannan ba sa bayyana sai an haɗa sassan wuri ɗaya. Shi ya sa muka ce haɗin farko a mako na 7 ko 8, ko da da katako da igiyar roba ne. Mummunan samfuri mai aiki a tsakiyar zango ya fi kyakkyawan zane da ake jiran haɗawa daren jajibirin kare aiki.

Za mu fita ƙauye ɗaukar bayanai. Me ya kamata mu shirya?

Takardar izini daga makaranta, da tambayar halin tsaro na yankin kafin a tashi, musamman wajen iyaka. In kun isa, a fara da gaisuwa wajen lawan ko jauro, a faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Ku bayyana ƙarara cewa ku ɗalibai ne, ba ku zo da rijiya ko tallafi ba. Mutane sun ga masu takarda da biro da yawa, kuma alkawarin da ba a furta ba ma ana riƙe shi. Tambayar ruwa kuma a yi wa masu ɗebo shi: mata da yara su suka san bokiti nawa gida ke sha da watan da rijiya ke ƙafewa. Ɗaliba a rukuni ita za ta fi samun shiga cikin gida.

Ɗaya daga cikinmu ba ya komai. Mu kai ƙara?

Ba nan take ba, amma kada ku jira mako na 12. Da farko mutum ɗaya ya same shi shi kaɗai, ba a rukunin WhatsApp ba: "Ɗan'uwa, lafiya kuwa? Lissafin bututun nan shi muke jira." Sau da yawa ba cima-zaune ba ne. Bai gane aikin ba yana jin nauyin tambaya, ko yana sana'a da yamma don kuɗin haya, ko an ba shi abu mai faɗi da bai san ta inda zai kama ba. A ba shi ƙaramin aiki mai iyaka: auna kaza, kawo teburin ranar Alhamis.

In ya sake saɓawa, a rubuta a littafin taro, shi ma ya gani. In ya saɓa karo na uku, rukunin duka, har da shi in zai zo, su je wurin malami da littafin. Malami ba zai iya yin komai da "Malam, ba ya taimaka mana" ba, amma zai iya da ranaku da ayyukan da aka ba mutum bai kawo ba. Cire sunan mutum daga bangon rahoto ba hurumin ɗalibai ba ne, na malami ne. Sa sunan wanda bai taɓa aikin ba don zumunci kuma yakan tonu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In kuma mutum ɗaya ne ya kankane komai fa?

Wannan ma cuta ce, sai dai ba a cika kai ƙararta ba saboda aiki na tafiya. Gwanin rukuni yana karɓe sashen kowa don ya fi sauri, sauran su koma 'yan kallo, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi komai ya tsaya. A taron mako-mako, kowa ya yi bayanin sashen wani, ba nasa ba, na minti uku. A riƙa juya shugabancin taro. A kuma lura da al'adar miƙa wa ɗaliba biro a ce ita ce sakatariya, maza su tafi wajen walda. Ita ma takardar injiniya ta zo nema, a ba ta gida a cikin na'urar, rubutun taro ya zagaya. Taron kuma a yi shi da rana a harabar makaranta, inda kowa zai iya zuwa ba tare da an yi masa tambaya a gida ba.

Yaya za mu adana fayiloli da wannan ɗauke wuta da tsadar intanet?

WhatsApp na magana ne, ba ma'ajiya ba. Babban fayil ɗaya a Google Drive, lambar manhaja a Git. Sunan fayil ya fara da kwanan wata, shekara, wata, rana, a daina "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaskiya". Kowace Juma'a a kwafe komai a filas biyu da ke hannun mutum biyu dabam. Filas ɗin da ya shiga kwamfutar shagon buga takardu a ɗauke shi a matsayin mai ƙwayar cuta, a kai musu PDF kawai. Sakamakon gwaji a rubuta shi da biro a littafi mai ɗinki a lokacin da ake aunawa, a ɗauki hoton shafin kafin a bar wurin.

Wa zai rubuta rahoton?

Kowa ya rubuta sashen da ya yi, tun yana yinsa, mutum ɗaya ya bi duka ya daidaita harshe da alamomi da lambobin hotuna. A ba shi mako guda cur. A amince tun farko a kan harafin da ke wakiltar kowane abu, kada Q ya zama yawan ruwa a babi na 2 ya koma zafi a babi na 4. Duk abin da aka ɗauko daga wani wuri a faɗi inda aka ɗauko, manhajar Zotero kyauta ce kuma tana sauƙaƙa wannan. Rahoton 'yan shekarar da ta wuce a karanta shi don a ga inda suka tsaya. Kwafe shi kuwa ganganci ne, tunda mai yiwuwa malamin da ke gabanku shi ya duba shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna gyara jimla, amma suna ƙaga lamba da sunan littafin da babu shi. Ku tambayi ƙa'idar malaminku a kansu, kuma duk lissafin da ba za ku iya maimaitawa a kan allo ba kada ya shiga rahoto.

Gwajin da bai ba da abin da kuka zata ba a rubuta shi yadda ya fito. Alƙalai sun san famfo ba ya ba da kashi 95 cikin 100.

Maki ɗaya za a ba mu duka?

Ya danganta da malami, kuma haƙƙinku ne ku tambaya a makon farko. Wasu maki ɗaya suke bayarwa. Wasu suna raba shi: kaso na rahoto da na'ura ga rukuni, kaso na amsa tambayoyi ga kowane mutum. Akwai kuma masu sa ɗalibai su auna juna. Misali a rukunin mutum 4, kowa yana raba maki 30 ga sauran ukun a asirce. Wanda ya tara 30 ya samu makin rukuni cif. Wanda ya tara 24, ana ninka makin rukuni da 0.8: idan rukuni ya ci 14 bisa 20, shi ya tashi da 11.2. Yawanci ana sa iyaka sama da ƙasa don kada gaba ta shiga ciki.

Ranar kare aiki na'urar ta ƙi tashi. Shi ke nan mun faɗi?

A'a, in kun shirya. Ku ɗauki bidiyon na'urar tana aiki tun ranar da ta fara, da miltimita ko ma'aunin zafi a cikin hoton. Ku zo da batir a cike, fiyus na canji, sukudireba, da kwafin bayaninku a PDF a filas biyu da kuma a takarda, ko da wuta za ta ɗauke. A kai na'urar ɗakin tun da wuri a gwada ta a can, domin jijjigar hanya tana kwance waya. In ta ƙi duk da haka, ɗayanku ya faɗi abin da ake zargi da yadda za a bincika shi mataki-mataki, sannan a nuna bidiyo da teburin sakamako. Alƙali yana ba da maki ga ɗalibin da ya san inda zai sa miltimita.

Ku maimaita bayanin sau uku da agogo. In an ba ku minti 15, shafi 12 zuwa 15 sun isa. Tambaya kuma ba lallai ta je wa mai sashen ba: alƙali yana iya tambayar mai hasumiya dalilin zaɓen waya mai milimita 6. Wanda bai sani ba ya ce, "Malam, ban riƙe adadin ba, amma ga yadda ake fitar da shi," ya nufi allo.

Bayan an gama, na'urar ta wa ce?

In makaranta ta ba da kaya ko kuɗi, yawanci tana zama a ɗakin gwaji. In ku kuka saya, ku rubuta tun a yarjejeniyar makon farko yadda za a yi: a sayar a raba, ko ɗaya ya biya sauran kasonsu. In kuwa an dasa ta a lambun wani ko a ƙauye, a bar masa takarda guda cikin harshen da yake karantawa, mai nuna yaushe ake goge faranti, wane fiyus ake sawa da girmansa, da shagon da ake samunsa a gari.